Sittin da Huɗu

Da la'asar Don Evaristo ya hauro tudunmu,
matakala ɗari da ashirin daga tashar jiragen ruwa,
kwamfuta a hammata, naɗe cikin tawul,
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Ya ajiye ta a teburina ya ce,
"Ta Fresia ce. Ta daina tashi."

Ban tambayi ina Fresia ba.
Wanda ya naɗe abu haka ya riga ya amsa.

Na fara kwashe kayan ciki:
hotuna dubu biyu da 'yan kai,
lissafin cinikin kifi,
da wata murya ta daƙiƙa arba'in
tana ce wa wani kada ya manta albasa.
Sannan na soka filasha,
na ce da babbar manhaja, ga gida an share, shigo.

Kashi goma. Kashi talatin.
Iskar teku na jijjiga kwanon rufi.
Sittin da huɗu, sai ta cije.
Allo ya rine shuɗi,
ya tofo lambobi kamar na bayan mota,
ya ce tafiya ta ƙare nan.

Na canza filasha. Na canza rami.
Na zare ƙwaƙwalwa, na hure ta, na mayar.
Karo na biyu ta rantse ba ta ga faifai ba,
alhali ina jin numfashinsa ƙarƙashin tafina.
Karo na uku, sittin da huɗu.
Na zagi wanda ya ƙera ta, amma a zuci,
don tsoho na zaune, hula a gwiwa,
shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

Ƙarfe tara, fitilun Valparaíso sun gama hawa duwatsu.
Gajiya ce ta kai ni inda ya kamata in fara,
can ƙurya, ƙasa da komai,
inda na'ura ke ajiye abin da ta sani
kafin ta tuna sunanta.
A gefe ga kwanan wata:
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da sha ɗaya.

Ashe batirin agogo ne ya mutu,
ɗan abu mai faɗin kwabo.
Duk sanda aka kashe ta
sai ta farka a shekarar da aka ƙera ta,
ta mance yadda ake magana da faifai.
Sabuwar manhaja kuwa ta duba takardunta,
ta ga sa hannun shekarar da ba ta zo ba tukuna,
ta ce da sake, ta ja tunga.

Na yi dariya, na nuna masa.
Shi bai yi ba.
Ya jawo kujera, ya ɗora tabarau.
"A wannan Janairun," ya ce,
"muka shafa wa gida rawaya.
Ita ta riƙe mini tsani, tana mita.
Likita bai ga komai ba a lokacin."

Sabon batir na tsakanin yatsuna,
kusoshi bakwai cikin murfin kwalba.
"Ɗan dakata," ya ce.

Na dakata.
Sana'ata ba ta koya mini wannan ba.
Fanka na juyi, wani jirgi ya yi kuka a ƙasa,
mu biyu muna kallon daƙiƙu suna wucewa
a shekarar da babu kowa cikinta
sai mace ɗaya riƙe da tsani.

Minti shida na ƙirga. Ya gyaɗa kai.

Na kashe ta. Na ɓamɓare tsohon, na danna sabon,
na rubuta yau da hannuna, lamba bayan lamba.
Sittin da uku.
Sittin da huɗu.
Ba wanda ya numfasa.
Sittin da biyar.

Da ta gama, na mayar da hotuna da muryar.
Ya biya peso dubu na batir, na ƙi karɓar sauran.
Ya ninke tawul ya saɓa a kafaɗa,
kwamfuta tsirara a hannu.
A bakin ƙofa ya juyo:
"Shagon ƙasa ya rufe kuwa?
Babu albasa a gida."